Shingen Ado da Askin Itace: Daga Libreville zuwa Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taso a karkarar ƙasar Hausa ya san shinge. Ana yin sa ne don a tsare gona ko garka daga ɓarnar awaki da shanu, a kuma nuna iyaka tsakanin maƙwabta. Amma akwai wani shingen da ɗalibi yake wucewa ta gefensa kullum, a harabar jami'a ko gaban banki ko tsakiyar babban titi, wanda ko ɗan akuya ba zai iya tarewa ba, domin sau da yawa tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Wannan shi ne shingen ado. Ana dasa ƙananan itatuwa a jere, a riƙa datse su har su haɗe su zama kamar 'yar katanga kore. Wani lokaci kuma a ware itace guda a aske shi, ya fito da siffar ƙwallo ko tulu ko dala.

Wannan takarda za ta yi bayanin irin itacen da ake wannan aiki da shi, da dalilin da ya sa datsa take sa shi cika, da yadda ake dasa shi a raine shi. An ɗauki birnin Libreville na ƙasar Gabon a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, birni ne da Faransawa suka kafa a 1849, kuma Faransa na cikin ƙasashen da wannan sana'a ta fi bunƙasa. Na biyu, yanayinsa ya saɓa wa na Kano ta kowace fuska, ga shi kuma akwai Hausawa a ƙasar tun zamanin mulkin mallaka, a garuruwan arewa irin su Bitam da Oyem, da kuma cikin Libreville ɗin kanta. Idan aka kwatanta wuraren biyu, za a ga abin da ke cikin aikin wanda ba ya sauyawa, da wanda tilas ne ya bi ƙasa da ruwan sama. Wanda bai rarrabe waɗannan biyu ba, kuɗinsa da wahalarsa ne za su tafi a banza.

2.0 Kalmomin da za a yi amfani da su

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi, tun da yake yawancin itatuwan da za a ambata baƙi ne, ba su da sunan gado a Hausa.

Hausa tana da kalmomi da dama na abin da ake kewaye wuri da shi. Danga da darni na kara ne, zana ta ciyawa ce da aka saƙa, katanga ta ƙasa ce ko ta bulo, ganuwa kuma ta gari ce. Shinge ya kasu biyu. Akwai matacce, wato wanda aka sare ƙayar magarya ko ta sarƙaƙiya aka jera. Akwai kuma rayayye, wanda aka dasa ya kama, kamar na aguwa da bi-ni-da-zugu da dashi da ƙerana. Waɗannan sunaye suna cikin abin da J. M. Dalziel ya tattara a littafinsa na sunayen tsirrai a Hausa na 1916, kuma har yau manoma na amfani da su. An zaɓi irin su aguwa da bi-ni-da-zugu ne domin dabbobi ba sa cin su, kuma ko reshe aka kafa a ƙasa a ƙarshen rani, da ruwa ya sauka sai ya kama.

Sai dai waɗannan ba su dace da shingen ado ba. Aguwa da dashi da bi-ni-da-zugu duk sukan kaɗe ganye da rani, su bar rassa tsirara. Shingen ado kuwa yana bukatar itace mai ganye rani da damina, kamar yadda mangwaro da kanya suke, saɓanin kuka da take zubar da nata da rani, ko gawo da yake zubar da nasa da damina. Har ila yau, ana son itacen ya zama mai rassa tun daga gindi, kamar sabara ko geza, ba mai dogon kututture ba. Sharaɗi na uku shi ne ƙananan ganyaye, domin idan almakashi ya raba babban ganye biyu, tabon yakan bushe ya munana shingen. Na huɗu shi ne jure sara, wato ya iya fid da sabon toho ko da an datse shi har tsohon reshe.

A birane, masu sayar da irin waɗannan tsirrai a bakin titi sukan kira su duka da suna fulawa, ko suna fure ko ba sa yi. Ɗalibi zai lura cewa wannan kalma ta aro ta haɗe kalmomin Ingilishi guda biyu masu furuci iri ɗaya, shi ya sa fulawar burodi da fulawar ado suka zama abu guda a bakin Bahaushe, sai muhallin magana ya rarrabe su. Shi kuwa aikin sassaƙa siffa daga itace mai rai, a nan za mu kira shi askin itace. An zaɓi aski a kan sassaƙa domin masassaƙi sau ɗaya yake yin turmi ya gama, wanzami kuwa kullum sai an koma masa, kuma haka wannan aiki yake.

3.0 Bukus: itacen da aka fara sana'ar da shi

Itacen da ya fi shahara a wannan aiki shi ne wanda masana tsirrai suke kira Buxus sempervirens. Kalma ta biyu a sunan, a Latin, tana nufin mai kore kullum. Faransawa na ce masa buis, Larabawa kuma baƙs. A wannan takarda za mu kira shi bukus. Asalinsa yammaci da kudancin Turai ne, da tsaunukan arewacin Afirka, da yammacin Asiya. Ganyensa bai fi farcen yatsa girma ba, yana da kauri da sheƙi. Girmansa a hankali ne ƙwarai, abin da bai fi santimita 10 zuwa 15 ba a shekara, shi ya sa aski ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi a Turai. Katakonsa kuma yana da nauyi da laushin sassaƙa, don haka aka daɗe ana yin mataji da sarewa da allunan buga zane da shi.

Tun zamanin Rumawa ake aske shi. Pliny Babba ya danganta farkon askin itatuwa ga wani mai suna Gaius Matius, abokin Sarki Augustus. Pliny Ƙarami kuma, a wata wasiƙa da ya bayyana gidan gonarsa na Tuskani, ya ce an aske bukus har ya fito da haruffan sunan mai gida da na mai lambu. A ƙarni na 17 sana'ar ta kai ƙololuwa a Faransa a hannun André Le Nôtre (1613 zuwa 1700), wanda ya tsara lambun fadar Vaux-le-Vicomte da aka kammala a 1661, daga baya kuma ya tsara na Versailles don Sarki Louis na 14. A irin waɗannan lambuna ana jera gajeren bukus ya yi lanƙwasa da ƙulli, ta yadda wanda ya leƙo daga bene zai ga kamar aikin wuyan babbar riga aka shimfiɗa a ƙasa. Su kansu Faransawa da kalmarsu ta ɗinkin ado suke kiran wannan tsari. A Ingila, lambun Levens Hall da aka fara a 1694 yana nan har yau da askakkun itatuwansa. A lambun Marqueyssac na kudu maso yammacin Faransa kuwa akwai bukus kimanin 150,000 da ake askewa da hannu.

Sai dai tun daga shekarun 1990 bukus ya shiga wahala. Da farko wata cutar funfuna ta ɓulla a Ingila a tsakiyar waɗannan shekaru. Takan sa baƙin tabo a ganye da baƙin zane a reshe, sai ganyen ya zube. Ta bazu a Turai, ta kuma isa Amurka a 2011. Na biyu shi ne wani ƙwaro ɗan asalin gabashin Asiya, dangin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, wanda aka gano a kudu maso yammacin Jamus wajen 2007. Tsutsarsa takan cinye ganyen tas, ta koma kan ɓawo. A 2012 aka shigar da shi Sochi ta ƙasar Rasha a jikin bukus da aka sayo daga Italiya don ƙawata birnin kafin wasannin Olamfik na 2014, kuma cikin 'yan shekaru ya lalata dazuzzukan bukus na yankin. A 2019 masu kula da Vaux-le-Vicomte suka tumɓuke bukus ɗin da ke gaban fadar saboda ya mutu. Darasin a fili yake: itacen ado da aka ɗauko daga wata ƙasa ba tare da bincike ba, yakan zo da baƙon da ba a gayyata ba.

4.0 Me ya sa datsa take sa itace ya cika?

Wanda bai san aikin ba zai zaci sara rage itace yake yi. Gaskiya ne yana rage tsayi, amma yana ƙara yawan rassa. Dalili shi ne, a gindin kowane ganye akwai ido, wato ɗan ƙullin da reshe zai iya fitowa daga cikinsa. Muddin kan reshe yana girma, yana samar da wani sinadari da ake kira oksin, wanda yake gangarowa ƙasa ya hana waɗannan idanu buɗewa. Masana biyu, Kenneth Thimann da Folke Skoog, su suka nuna haka a 1933 ta hanyar gwaji a kan wani nau'in wake. Da suka cire kan tsiron, sai idanun gefe suka tsiro. Da suka shafa oksin a wurin da aka yanke, sai idanun suka ci gaba da barci.

Ke nan idan aka datse kan reshe, an cire mai hanawa. Idanu biyu ko uku da ke ƙasa da wurin yankan za su fito su zama rassa. Idan su ma aka datse su, kowanne zai sake fid da biyu ko uku. Reshe ɗaya da yake rabuwa biyu a kowane aski, bayan aski biyar ya zama 32. Wannan ne asirin cikar shinge. Manomin lalle ya san haka tun ba a rubuta ba, domin yana gani da idonsa cewa lallen da aka yanka ya fi wanda aka bari yawan toho.

Abu na biyu shi ne haske. Ganyen da ba ya samun rana, itace yakan zubar da shi. Saboda haka cikin shinge rassa ne kawai, koren yana daga waje kamar riga. Idan saman shinge ya fi gindinsa faɗi, inuwar saman za ta kashe ganyen ƙasa, sai a ga shinge ya yi kai babu ƙafa, kaji na ratsawa. Don haka ƙa'ida ita ce gindi ya ɗan fi sama faɗi, kamar yadda maginin gargajiya yake fara katanga da kauri ya ƙare ta da siranta.

5.0 Libreville da Kano: ƙasa biyu, yanayi biyu

Libreville tana bakin tekun Atilantika, ƙasa da digiri ɗaya arewa da Ikwaita. Ruwan saman da take samu a shekara yakan kai milimita 2,800 ko fiye, wato kimanin ninki uku na abin da Kano take samu, kuma fiye da ninki biyar na Maraɗi. Zafinta ba ya tsananta kamar na bazarar Kano, inda ake kaiwa digiri 40 a Afrilu, amma iskarta a jiƙe take kusan duk shekara. Abin da zai fi ba ɗalibi mamaki shi ne kalandar ta juye. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da Kano take tsakiyar damina, Libreville tana cikin raninta, rani mai gajimare da ɗan sanyi. Ruwa yakan dawo da ƙarfi a Oktoba da Nuwamba, ya ɗan lafa wajen Disamba da Janairu, sannan ya ci gaba har Mayu. Don haka Bahaushen da ya ce zai yi dashe a farkon damina, sai an tambaye shi daminar ina.

Bukus bai dace da ko ɗaya daga cikin biranen biyu ba. Itace ne na ƙasashe masu sanyin hunturu, saiwarsa ba ta nisa, kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Ya fi son ƙasa mai ɗan farar ƙasa a cikinta, alhali yawancin ƙasar yankin Libreville mai tsami ce, domin ruwan sama ya wanke ta. Bugu da ƙari, cutar funfunar da aka ambata ta fi haɓaka idan ganye ya daɗe a jiƙe kuma zafi yana wajen digiri 25, wanda kusan shi ne halin Libreville kullum. A Kano kuwa rana da busasshiyar iskar hunturu ne za su ƙone shi. Saboda haka a biranen Afirka masu zafi, wasu itatuwa ne suke yin aikin da bukus yake yi a Turai. Uku daga cikinsu sun fi yawa.

Na farko shi ne duranta, ɗan asalin ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka, wanda aka sa wa sunan Castore Durante, wani masanin tsirrai ɗan Italiya na ƙarni na 16. Nau'insa mai ganye ruwan ɗorawa shi ne aka fi gani a gaban ofisoshi. Yana kamawa da sauƙi, yana da araha, yana son rana sosai, kuma idan aka sa shi a inuwa launinsa yakan koma kore. Aibinsa shi ne saurin girma: a wuri mai ruwa kamar Libreville sai an aske shi duk bayan 'yan makonni.

Na biyu shi ne iksora, 'yar asalin kudancin Indiya da Siri Lanka, dangin itacen kofi. Tana fid da furanni ja ko ruwan hoda ko ruwan ɗorawa a dunƙule. Ƙasa mai tsami take so, don haka Libreville ta karɓe ta. Idan aka dasa ta kusa da siminti ko a kan ɓaraguzan gini, ko aka zuba mata toka, ganyenta yakan yi fari-fari jijiyoyinsa su rage kore, alamar ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Wani abin lura shi ne furenta a kan sabon reshe yake fitowa, don haka yawan aski yana rage fure.

Na uku shi ne muraya, wanda Faransawa suke kira bukus ɗin Sin, ko da yake ba danginsa ba ne. Dangin lemo ne, daga kudanci da kudu maso gabashin Asiya. Ganyensa ƙanana ne masu duhu da sheƙi, furensa fari mai ƙamshi, 'ya'yansa ja. Shi ya fi kama da bukus a ido, kuma ya fi duranta riƙe siffa bayan aski.

A ƙasar Hausa akwai na huɗu, wanda yake na gida, wato lalle. Ganyensa ƙanana ne, yana jure sara, yana son zafi, kuma idan yana samun ban ruwa ba ya tsiraita da rani. Furensa na da ƙamshi, ganyen da aka aske kuma ba shara ba ne, domin a shanya shi a daka, mata su yi ƙunshi ko a kai kasuwa. Tsohon lalle yakan yi 'yan ƙayoyi, kuma bai kai duranta santsin fuska ba, amma ba ya shan ruwa kamar baƙin. A garin da ake sayen ruwa a jarka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

6.0 Yadda ake dasawa da reno

6.1 Samun iri. Yawancin waɗannan itatuwa da reshe ake yaɗa su. A yanko reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a yanke shi daidai ƙasan gaɓa da wuƙa mai kaifi. A cire ganyen rabin ƙasa, a soka shi cikin leda mai huji da aka cika da rairayi da ruɓaɓɓen taki. A ajiye a inuwa, ƙasar ta zauna da danshi ba tare da ta yi caɓi ba. Duranta yakan yi saiwa cikin 'yan makonni, iksora da muraya sun fi shi jinkiri. Muraya da lalle ana kuma iya shuka su daga 'ya'ya. Sabon toho shi ne alamar an kama, amma kada a yi gaggawar fitarwa sai saiwa ta riƙe ƙasar ledar.

6.2 Lissafi. Ga gajeren shinge, tazarar santimita 25 zuwa 30 ta isa tsakanin duranta da ɗan'uwansa, muraya kuwa a ba shi 40 zuwa 50. Alal misali, shinge mai tsawon mita 12 a tazarar santimita 30 yana da gurabe 40, wato yana bukatar tsiro 41, domin akwai ɗaya a kowane ƙarshe. A ƙara huɗu ko biyar a ajiye a leda don cike gurbin wanda ya mutu, tun da yake giɓi ɗaya ya isa ya ɓata layi.

6.3 Gyaran ƙasa. A kafa turaku biyu a ɗaura igiya, sannan a haƙa rami mai tsawo maimakon ƙananan ramuka, faɗinsa da zurfinsa kimanin santimita 40. A tsince duwatsu da guntayen bulo, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A nan ne biranen biyu suka rabu. A Libreville matsalar ita ce ruwa ya yi yawa, don haka sai a ɗaga layin ya zama kunya, a kuma yi wa ruwa hanyar wucewa. A Kano matsalar ita ce ruwa ya yi kaɗan, don haka sai a bar layin ya ɗan yi kwari, yadda ruwan da aka zuba zai tsaya a gindi.

6.4 Lokacin dashe. A Libreville a yi shi idan ruwa ya dawo, wajen Oktoba. A Kano da Katsina da Zariya a jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli, don saiwa ta yi ƙarfi kafin hunturu. A yi dashe da yamma, a yage ledar a hankali kada ƙasar ta wargaje, kada kuma a binne tsiro fiye da zurfin da yake a leda. A danne ƙasa, a ba shi ruwa sosai, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta manne da jikin itacen.

6.5 Askin farko. Wannan ne matakin da mutane suka fi ƙi. Da zarar tsiro ya kama ya fara toho, sai a datse kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa. Mai gida yakan ji zafin haka, domin yana ɗokin ya ga shinge ya tashi. Amma wanda ya bari itacen ya kai tsayin da yake so kafin ya fara datsa, zai sami dogayen sanduna da tuntu a ka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa barin shingen ya ƙaru da 'yan santimita kaɗan a kowane aski, har ya kai inda ake so.

6.6 Askin yau da kullum. A ja igiya a tsayin da ake bukata, a fara da gefe daga ƙasa zuwa sama, a ƙare da kai. Almakashin lambu ya zama mai kaifi, domin dakusasshe murje ganye yake yi. A Kano kada a yi aski da tsakar ranar bazara, saboda ganyen ciki da aka tone bai saba da rana ba, zai ƙone. A Libreville kuwa kada a yi shi ganye na jiƙe, domin ta haka cuta take bin almakashi daga wannan itace zuwa wancan. A kwashe abin da aka aske, a wanke almakashi bayan an taɓa itace marar lafiya. Wajen ban ruwa, a zuba a gindi da safe ko da yamma. Ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafi kullum, domin yana sa saiwa ta nutsa.

6.7 Fid da siffa. Mai koyo ya fara da ƙwallo ko dala. Ga dala, a kafa sanduna uku ko huɗu kewaye da itacen a ɗaure kawunansu wuri guda, duk abin da ya leƙo waje a datse. Ga ƙwallo, a lanƙwasa waya ta zama zobe a riƙa juya ta a jikin itacen. A riƙa ja da baya ana dubawa, kuma a rage kaɗan-kaɗan, domin abin da aka yanke ba ya komawa sai bayan watanni.

7.0 Abubuwan kiyayewa

Da yawa daga cikin itatuwan shinge suna da dafi. Bukus guba ne ga dabbobi idan suka ci. Duranta, idan ba a aske shi ba, yakan yi 'ya'ya ruwan lemo a jere kamar tsakiya, masu jan hankalin yara, kuma su da ganyen duk guba ne. 'Ya'yan bi-ni-da-zugu sun sha kai yara asibiti da amai da gudawa, ƙaron ƙerana kuma yana ƙona ido. Don haka a makarantar yara ko gidan da ake kiwo, a yi tunani kafin a zaɓa.

Muraya kuma yana da tasa matsalar. Wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan ganye, wanda yake yaɗa cutar da ta fi kowace ɓarna ga lemo a duniya, yana son zama a jikinsa. A 2020 masana suka ba da rahoton ganin wannan ƙwaro a Nijeriya. Saboda haka bai kamata a kewaye gonar lemo da muraya ba, ko a yi ta yawo da dashensa daga wata jiha zuwa wata ba tare da dubawa ba.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa shingen ado yana bukatar itace mai ganye rani da damina, mai rassa daga gindi, mai ƙananan ganyaye, mai jure sara. Mun ga cewa datsa tana sa cika ne domin tana cire kan reshe da yake danne idanun gefe, kuma tilas gindi ya fi sama faɗi saboda haske. Waɗannan ƙa'idoji ɗaya ne a Versailles da Libreville da Kano. Abin da yake sauyawa shi ne irin itacen, da watan dashe, da ko kunya za a yi ko kwari. Bukus na Turai ne, iksora da muraya sun dace da Libreville, lalle kuma ya cancanci a ƙara duba shi a ƙasar Hausa.

Ta fuskar harshe, aikin bai ƙare ba. Kamar yadda Dalziel ya yi wa Hausa a 1916, haka André Raponda-Walker da Roger Sillans suka tattara tsirran Gabon masu amfani da sunayensu a harsunan ƙasar a 1961. Amma itatuwan ado da suka cika biranenmu, galibi da kalmar fulawa kawai ake kiran su. Ana son kowane ɗalibi ya je wurin masu sayar da su mafi kusa da shi, ya rubuta sunayen da suke kiran tsirrai goma da kayan aiki biyar, ya nuna wanne ne na gado, wanne ne na aro, wanne ne kuma suka ƙirƙira da kansu, sannan ya bayyana sauye-sauyen sauti da aka yi wa na aron. Za a tattauna sakamakon a aji.